Gajiyar Ɗan Fari

Ranar Juma'ar da labarin ya fasu, Malam Nata'ala bai gama laluben takalminsa a ƙofar masallacin Whitechapel da ke Landan ba aka fara yi masa jaje. Na farko ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce sai haƙuri. Na biyu ya ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Kafin na uku ya ƙaraso, Nata'ala ya gama bin tsofaffin da ya baro a Kano ɗaya bayan ɗaya a zuci, yana neman wanda ya fi kama da mai shirin tafiya. Sai da Gariba, wani Bahaushen Gana mai shagon kayan miya a Peckham, ya cusa masa waya a fuska, sannan ya gane ba rasuwa aka yi ba. Ɗansa ne ya ajiye ƙwallo.

"Malam, yaronka ya bar wasa! Tsakiyar season! Wallahi duka Amurka yana kuka. Hajiya ya sani?"

Nata'ala ya saci kallon hoton da wutsiyar ido, ya mayar masa da wayarsa.

"Allah ya kyauta," ya ce, ya ci gaba da neman ƙafar hagu.

Ba wai abin bai taɓa shi ba ne. Abdul-Hafiz ɗan fari ne, kuma a gidan da Nata'ala ya tashi a Yakasai, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa a gaban jama'a, ba ya zama da shi su yi hira ido cikin ido. In akwai magana, a ba wani ya kai. Haka ubansa ya yi masa har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa ɗauka ƙiyayya ba ce. Da zai taho Landan ya zo da wannan kunya tare da ƙunshin kilishi. Kilishin aka ƙwace a filin jirgi; kunyar ba wanda ya bincika.

Karatun noman rani ya zo yi, a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukar hutu. Da ya gama, ya samu kujera a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, inda yake sauraron mutane suna kawo ƙarar rufin da ke yoyo. Yakan ce ko ba komai dai bai bar harkar ruwa ba. A nan gashin kansa ya yi fari, ya kuma fara watsewa.

Shi kuwa yaron, tun yana sakandare aka gane ƙafarsa ta fi ta mutane sauri, hannunsa kuma kamar an shafa masa danƙo. Wasu suka ɗauke shi zuwa jami'a a Amurka, daga can ya shiga ƙwallon mutanen ƙasar, wadda suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yin ta. Ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, ta fi kama da guna. Aikin Abdul-Hafiz shi ne ya sheƙa da gudu can gefen fili, a jefo masa gunar daga nesa, ya cafe ta a sama, yayin da wasu ƙarti masu ƙirar buhun masara suke rugowa su markaɗe shi. In ya cafe, filin ya ɗauki ihu. In sun same shi, filin ya ɗauki wani ihun. Ya yi suna ƙwarai. Yaran unguwa suna yawo da rigarsa, har da waɗanda ba su san ta ina ake cin wasan ba.

Nata'ala bai taɓa kallon wasan ba, in ka tambaye shi. Ranar Lahadi da yamma, in matarsa Suweiba da 'yarsu Humaira suka kunna talabijin, shi yakan juya kujera ya ba akwatin baya, ya buɗe jarida. Sai dai akwai wata durowar gilashi ta tangaran a gabansa, kuma duk abin da ke talabijin yana fitowa a jikinta tar, illa dai hagu ya koma dama. A cikin gilashin nan ya ga duk abin da ɗansa ya cafe. In kuma aka kayar da shi bai tashi da wuri ba, sai Nata'ala ya tuna yana son shayi, ya shige kicin ya tsaya kan butar har ta tafasa. Kafin ya fito an riga an koma wasa.

Da ya isa gida ranar, lif ɗin ya sake lalacewa. Ya hau bene yana tsayawa a kowane hawa kamar mai duba lafiyar bango. Ya tarar da Suweiba tana tuƙa tuwon semo da ƙarfin da ya wuce na tuwo, Humaira kuma tana tsaye jikin firji da waya a hannu.

"Kin ji abin da yaron nan ya yi?" ya tambayi matarsa.

"Na ji. Yayansu ya iso tun shekaranjiya, yana flat ɗin da ya saya. Mun yi waya. Muryarsa ba ta yi min daɗi ba."

"Baba, listen," in ji Humaira.

"Yi Hausa," in ji uwar ba tare da ta juyo ba.

Humaira ta ja numfashi, ta tattaro Hausarta. "Club ɗin ba su rufe ƙofa ba. Sun ce in ya canza ra'ayi ya dawo. Shi kuma ya ce in gaya maka, idan kai ka ce ya koma, zai koma. In ba ka ce ba, shi ke nan."

"Ni?"

"Kai. Ba wasa yake ba, Baba."

"To me ya ce ya hana shi? Korar sa aka yi? Karaya ce?"

"Ya ce ya gaji."

Nata'ala ya zauna a kujerar kicin a hankali, gwiwoyinsa biyu suka yi gaisuwarsu ta kullum. Ya gaji. Yaron da bai kai talatin ba, wanda ake dafa masa abinci, a matsa masa jiki, a ɗauke shi a jirgi, wai ya gaji. Shi Nata'ala ya gaji tun kafin a haifi Humaira. Ya gaji da sanyi, da tsayuwa cikin tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, hancinsa a hammatar wani, da wani manaja sa'an ƙaninsa da ke kiran sa Nat. Da gajiya tana sa a ajiye aiki, da rabin sahun masallacin nan suna kwance a gida. Mutum ya gaji ya yi wanka ya koma, haka aka san gajiya.

"A gaya masa zan yi tunani," ya ce.

"Ga lambarsa a wayarka, Baba."

"Na ce a gaya masa."

Bai samu damar yin tunanin ba, domin Alhaji Nuruddeen ya riga ya yi masa. Alhaji shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Landan. Ya yi shekaru a wani ofishin jakadanci wajen Charing Cross kafin ya yi ritaya, kuma har yanzu in yana magana sai ka ji kamar a ƙarshe zai buga hatimi. Ya kira washegari da safe.

"Malam Nata'ala, wannan al'amari ya wuce gidanka. Yaron nan jakadanmu ne. Mu da ba a sanin mu sai in an yi abin kunya, Allah ya ba mu mutum ɗaya da ake tafa wa, sai ya ce ya gaji? Za mu je ban baki. Ni, da kai, da Gariba."

"Gariba kuma?"

"Shi ya san wasan. Ni ban san ta inda ake kama shi ba."

Nata'ala ya so ya ce a bari tukuna. Amma in ya ce a bari, sai a ce yana kare ɗansa, kuma uban da ke kare ɗan fari a gaban manya ya zubar da girmansa. Ban da haka, can ƙasan ransa ya ji sauƙi. Ga bakin da zai ara.

Suka haɗu a tashar Whitechapel bayan la'asar. Watan Nuwamba ne, rana ta fito da safe ta leƙa ta ga ba riba ta koma. Alhaji ya sha babbar riga a ƙarƙashin kwat, ya zama kamar katifar da aka naɗe. Gariba ya zo da leda cike da doya da kwalbar shito, soyayyen yajin mutanen Gana, wai ba a zuwa gaida mutum hannu rabbana. A cikin jirgi ya yi ta bayyana wa Alhaji yadda ake wasan, yana jefa doya a iska yana cafewa, har wata Baturiya ta canza kujera.

Gidan yana can saman wani dogon bene na gilashi a bakin kogi. Abdul-Hafiz da kansa ya buɗe ƙofa. Ya cika ƙofar, kafaɗa zuwa kafaɗa, da baƙin tabarau a fuskarsa. Falon duhu, an ja labule ko'ina, ba abin da ke ci sai wata 'yar fitila a ƙasa can lungu. Ya durƙusa ya gaishe su, hannu ɗaya a jikin bango.

"Sannunku da zuwa. Alhaji, ina wuni. Kawu Gariba." Ya ɗan dakata. "Baba, ina wuni."

"Lafiya," Nata'ala ya amsa wa bangon da ke bayansa.

Alhaji ya dubi tabarau, ya dubi Nata'ala, ya ɗaga gira. Nata'ala ya fahimci saƙon: ga abin da Amurka take yi wa yara, mutum ya tari iyayensa da gilashi kamar mai gadin gwamna. Kunya ta kama shi, ya zauna a ƙarshen kujera yana kallon carbinsa.

Aka kawo ruwa. Alhaji ya yi gyaran murya ya buɗe taro. Ya fara daga tarihin zuwan 'yan Arewa Ingila, ya bi ta kan darajar haƙuri, ya sauka a kan cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya hau dokin da jama'a suka ɗaura wa sirdi ba shi da ikon sauka inda ya ga dama. Gariba yana jefa nasa a tsakani.

"Champion, ka tuna wancan catch? Hannu ɗaya! Mutum uku a bayanka! Matana ya yi ihu har maƙwabta ya buga bango. Kai za ka bar wannan ka zauna cikin duhu kamar jemage?"

Abdul-Hafiz ya yi ɗan murmushi. "Wane wasa ke nan, Kawu?"

"Kai! Wane wasa? Na bara mana, cikin snow!"

"Oh. Yeah." Ya gyaɗa kai.

"Wai me ke damun ka ne, ɗana?" in ji Alhaji. "Faɗa mana. Kuɗi ne ba su cika ba? Mace ce? In wani ne ya raina ka a can, akwai hanyoyin da ake bi, mun san mutane."

"Babu, Alhaji. Na gaji ne kawai."

"Gajiya!" Alhaji ya tafa hannu ya juya ga Nata'ala. "Ka ji fa. Ga mahaifinka nan, tambaye shi ko ya taɓa fashin aiki don ya gaji."

Baƙin tabarau ya juyo wajen Nata'ala ya tsaya.

"Na riga na faɗa wa Humaira," in ji yaron, a hankali, yana zaɓen kalmomin Hausar kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. "Abin da Baba ya ce, shi zan yi. In ya ce in koma, gobe zan yi booking."

Nata'ala ya ji maganar ta hau masa har maƙogwaro, a shirye, da rigarta da hularta: Alhaji, a gaya masa ya koma ya ƙarasa abin da ya fara. Magana ce mai kyau. Ita ubansa zai faɗa. Ya buɗe baki ke nan, wayar Gariba ta ɓarke da kiran sallah daga cikin ledar doya.

"Magariba," in ji Alhaji, ya dubi agogo cikin jin haushin ƙasar da ake magariba mutum bai gama narkar da abincin rana ba. "Mu ba Allah hakkinsa, sannan Malam ya yanke."

Aka yi alwala ɗaya bayan ɗaya a wani banɗaki da famfonsa sai da yaron ya nuna musu yadda ake buɗe shi. Aka shimfiɗa darduma biyu da wani babban tawul. Gariba ya laluba bango ya kunna fitilar sama, falon ya cika da haske fari fat. Sannan aka shiga turereniyar da ba a taɓa tayar da sallah sai an yi ta.

"Alhaji, bismillah."

"A'a, Malam Nata'ala, kai ne malami."

"Wane ni. Gariba?"

"Ni? Ku rufa mini asiri."

Alhaji ya ɗaga yatsa. "Tsaya. Me muke yi haka? Mai gida shi ya fi cancanta da limanci a gidansa, haka hukuncin yake. Kuma wa ya kai shi? Ba shi ne ya cinye musabaƙar Islamiyya yana ɗan ƙaramin yaro ba? Ni na miƙa masa kofin da hannuna. Abdul-Hafiz, shiga gaba."

"Alhaji, please. Ku dai ku ja."

"Ka ga wani sabon salo kuma. Malam, yi masa magana."

Nata'ala ya dubi dardumar. "A gaya masa gidansa ne," ya ce.

Yaron ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya shiga gaba. Alhaji ya ja Nata'ala tsakiya, daidai bayan liman, Gariba ya tayar da iƙama.

Muryar tana nan yadda take. Nata'ala ya san ta, ko da yake ranar musabaƙar nan bai shiga zauren ba, a waje ya tsaya jikin taga yana yi kamar yana jiran bas. Ta yi kauri yanzu, amma zaƙin bai tafi ba. Aka ce amin. Yaron ya ɗauko sura, ɗaya daga cikin gajerun nan da yara ke haddacewa kafin su iya ɗaura wando. Ya karanta aya ta farko, ya karanta ta biyu. Ya tsaya.

Ya koma farko. Ta farko, ta biyu. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya, kamar motar da ta zo bakin gadar da ruwa ya cinye.

In liman ya kakare, na baya ne ke ciro shi, kowa ya san wannan. Amma Alhaji ya yi shiru, don gyara wa yaro karatu a gaban ubansa tamkar marin uban ne. Gariba ya yi shiru, don ga manya biyu a sahu, shi wa ya aike shi. Nata'ala ya yi shiru, don ɗan fari ne, kuma yana jiran ɗayansu ya yi. Mutum uku, kowa da ayar a kan harshensa, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara. Ana jin firji yana gurnani a kicin.

Idon Nata'ala ya kamata ya kasance a wurin sujada, amma ya ɗago. Ya ga bayan wuyan yaron ya jiƙe da gumi a cikin wannan sanyi. Ya ga hannun dama, hannun da Amurka ke kuka a kansa, a jikin cinya, yatsun suna motsi kamar suna laluben wani abu a aljihun da babu. Ya ga kan ya ɗan karkace gefe, yana gudun fitilar sama.

Nata'ala ya ji tasa muryar ta fita kafin ya ba ta izini. Ya faɗi farkon ayar, ƙasa-ƙasa.

Yaron ya cafe, ya ƙarasa ta. Ya sake tsayawa. Nata'ala ya ba shi ta gaba. Haka suka bi surar har ƙarshe, uba yana miƙawa ɗa yana karɓa. A raka'a ta biyu yaron ya ɗauko wadda ta fi waccan gajarta, ita ma ta zube masa a tsakiya, Nata'ala bai jira kowa ba wannan karon. Da aka zo zaman tahiya yaron ya yunƙura zai miƙe, sai da uban ya yi masa tasbihi ya koma ya zauna. Aka lallaɓa aka kai sallama, aka yi sujadar rafkanuwa.

Aka shafa addu'a. Alhaji ne ya fara farfaɗowa, ya ga ya kamata a rufa wa gida asiri.

"To, ai ka ga irin ta. Ba laifinka ba ne, ɗana, zaman Amurka ne. Karatu ɗan tilawa ne, in ka bar shi ya bar ka. Duniya ta yi yawa, kiɗa, hotuna, mata. In ka koma sai a samo maka malami a can ya riƙa..."

"Ina karantawa, Alhaji." Yaron bai juyo ba, yana zaune yana fuskantar alƙibla, idonsa a runtse. "Kullum. Ita wannan surar yau da asuba na karanta ta. Zubewa take yi. Wasan da Kawu ya faɗa, na snow, na gani a video, amma ban tuna na buga shi ba. An ce bayan wannan catch ɗin an buge ni, na tashi na ci gaba. I don't remember. Ran nan na fita sayen madara na tsaya a titi ban san ta ina gida yake ba."

"Subhanallahi," in ji Gariba a hankali. "Sammu ne?"

"Kaina ne, Kawu. An bubbuga shi da yawa. Likita ya ce wani bugun zai iya zama na ƙarshe, ko kuma ba zai zama ba, ba wanda ya sani."

Nata'ala ya tuna butar shayi. Sau nawa ya tsaya a kanta tana tafasa, yana jiran a ɗaga yaron daga ƙasa a inda ba ya gani? Shi a zatonsa kunya yake yi.

"Gariba," ya ce, "kashe fitilar nan."

Gariba ya tashi ya kashe. Duhun ya dawo, kafaɗun yaron suka sauka.

Nata'ala ya ja jiki a kan tawul ɗin, da gwiwa da tafin hannu, ba kyan gani, har ya zagayo gaban dardumar liman ya zauna. Bai san inda ake ajiye ido ba in ana kallon ɗan fari. Ya ajiye shi a fuskar. Akwai wani ɗan tabo a haɓar da bai san da shi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa zan faɗa wa, Baba? Humaira? Ta kawo maka a Hausarta?"

Gariba ya yi wata 'yar dariya ta fita ba shiri, ya mayar da ita tari.

"Kuma da na ce ka koma, sai ka koma? Da wannan kan?"

"Da na koma." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba ka taɓa ce min in yi wani abu ba. Na ce ko wannan ne na farko, sai in yi."

Nata'ala ya daɗe yana murza goshinsa. Maganar nan mai riga da hula tana nan inda ya bar ta, saura ƙiris ta fito ɗazu, ba don wayar da ke cikin doya ba. Ya ji wata irin gajiya ta sauko masa wadda ba ta gwiwa ba ce, ba kuma wadda wanka ke wankewa ba.

"Ba za ka koma ba," ya ce. "Ko sun aiko jirgi har ƙofar nan."

Alhaji ya yi gyaran murya. Mutumin kirki ne, sai dai ya fito da jawabi bai kuma san yadda ake mayar da shi cikin jaka ba. "Haka ne, lafiya uwar jiki. Amma Malam, jama'a suna jiran sakamako. Me za mu ce musu?"

"Ka ce ubansa ne ya hana."

"Za a ce ka goyi bayan ɗanka fa."

"A ce."

Alhaji ya dube shi kamar yau ya fara ganin sa, sannan ya miƙa wa Gariba hannu ya taimaka masa ya tashi. A bakin ƙofa ya dafa kan yaron, sai da ya yi ɗage kafin ya kai, ya yi masa addu'a doguwa, ba hatimi a ƙarshenta. Gariba ya ajiye ledar a kicin ya ce a dafa doyar kafin ya lalace. Suka ce wa Nata'ala ya zo su tafi, ya ce su yi gaba.

Da ƙofa ta rufe, gidan ya yi musu girma. Nata'ala ya rasa abin da uba ke cewa bayan wannan, don bai taɓa zuwa nan ba. Ya shiga kicin ya buɗe firji: ƙwai, ruwa, da wasu robobin gari masu hoton damtse. Ya samo wuƙa ya fara feraye doya a hasken da ke shigowa daga lungu, yana cire rabin doyar tare da ɓawon, don rabonsa da wannan aiki tun yana gwauro. Yaron ya zo ya zauna a kan doguwar kujerar kicin, ya ɗora haɓa a hannu yana kallon ɓarnar.

"Mama za ta yi faɗa in ta ga wannan."

"Ba za ta gani ba. Kai kuma ba za ka faɗa ba."

"Ko na so ma zan manta."

Nata'ala ya tsaya da wuƙar. Ya ga yaron murmushi yake, shi ma ya saki wani abu ta hanci mai kama da dariya, ya ci gaba da yanka.

"Akwai likita a nan da zan gani sati mai zuwa," in ji Abdul-Hafiz bayan an ɗora tukunya. "Sun ce in zo da wani. Wanda zai riƙe abin da aka faɗa, don ni kafin in kai lif ya tafi."

"Wace rana?"

Yaron ya buɗe baki, ya rufe. Ya runtse ido, yatsunsa suka fara motsin nan a kan tebur.

"Talata," ya ce. "Ko Laraba. Bari in duba waya, ban san inda na..."

"Bar ta," in ji Nata'ala, yana barbaɗa gishiri a ruwan. "Zan ɗauki hutun duka biyun."